Cigiya A Shafin Fitila

Shafi na 17

Masu yi min ƙorafi a akwatin saƙo cewa na bar Malam Babayo a tsaye har kwana huɗu, na ga saƙonninku duka. Ku yi haƙuri, yara ne ba lafiya a gida. Bismillah.

*

Yau kwana uku tallar ba ta fito ba.

Malam Babayo na zaune a kan bencinsa na tashar mota, littafin sunayen fasinjoji a kan cinya. Ya ciro 'yar takardar nan da ta yi laushi saboda yawan ninkewa. Kalmomi uku ne na Turanci, da rubutun hannun ɗansa Mu'azzam. Ya kwafe su a wurin bincike na wayarsa harafi bayan harafi, kamar yadda yake yi kullum da safe.

Tallar wasu ta fito. Ta Mu'azzam babu.

Jaji direban Biu ya leƙo ta kafaɗarsa yana cin gyaɗa.

"Malam, yau ma jaridar taka ba a buga ba?"

"Ba a buga ba."

"Ni ma na duba tun asuba. Ko dai sun tafi yajin aiki ne?"

Malam Babayo ya mai da ido kan wayarsa. Ya bar tallar, ya shiga shafin kai tsaye. Abin ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, sannan ya buɗe.

Fitilu ne kawai. Ja, kore, mai hannu, mai rediyo.

Hoton babu.

Ya ja shafin ƙasa, ya dawo da shi sama. Ya goge fuskar wayar da gefen riga, kamar datti ne ya rufe yaron. Babu hoto, babu kalmar CIGIYA da aka rubuta da manyan haruffa, babu lambar wayarsa.

Wata bakwai ke nan da shi da kansa ya rubuta sunan Mu'azzam a littafin nan, layi na tara, motar Biu. Motar ba ta isa ba. An ga ƙarafunanta a gefen hanya, ba a ga mutanenta ba. Wata ukun nan, shafin nan ne kaɗai wurin da yake ganin fuskar ɗansa tana motsi zuwa garuruwan da ƙafarsa ba za ta iya zuwa ba.

Ya miƙa wa Jaji littafin.

"Riƙe min. In ciyaman ya tambaya, ka ce na je Herwagana."

A shingen sojoji da ke kan hanya aka sauke su daga Keke, kowa ya ɗaga hannu sama ya wuce a ƙafa. Shi bai ma san ya ɗaga ba. Sai da ya kusa shagon ya lura hannu ɗaya na nan a sama.

Shagon Sandra na jikin katangar wani coci, inda take buga takardu da kwafi. Ita ce abokiyar sana'ar Mu'azzam tun suna makarantar koyon kwamfuta. Sana'ar da Malam Babayo ke kira dillancin da ba kaya. Ba su da shago, ba su da fitila ko guda ta sayarwa. Talla suke saya a wurin kamfanin bincike na intanet. Wanda ya nemi fitilar sola sai ya ga tallarsu, ya danna, ya faɗo shafinsu, daga nan ya wuce wani babban kanti a Legas. In ya saya, a ba su kamasho.

Ya shiga ba sallama. Bai taɓa yin haka ba.

Sandra ta ɗago daga kan injin kwafi.

"A'a, Baba! Sannu da zuwa. Ga kujera."

"Ba zama na zo yi ba, Sandara."

"To ko ruwa..."

"Ina hoton?"

Ta kashe injin. Ta sallami matar da ke jiran takardunta, ta ce ta dawo bayan azahar. Ta ja labulen ƙofa.

"Baba, ka zauna don Allah."

"Na ce ina hoton ɗana? Uwarsa ta ce in haƙura. 'Yan'uwana sun ce a yi masa sallar gawa ba gawa. Liman ya ce in bar wa Allah. Ke kaɗai kika rage ba ki ce min komai ba. Ashe ke taki a ɓoye za ki yi."

"Ba ni na cire ba."

"Aljani ne?"

"Baba..."

"Ko kamashon ne ya ragu? Ki faɗa min gaskiya, ba zan ji haushi ba. Fuskarsa na korar miki masu saye, ko ba haka ba?"

Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta yi kuka ba. Ta juya kwamfutar ta fuskance shi.

"Tunda ka ce gaskiya, to zauna ka ji gaskiya. Akwai abin da na ɓoye maka, amma ba wannan ba ne."

Ya zauna a bakin kujerar, hularsa a hannu.

"Ka tuna wata uku da suka wuce, ranar da ka zo da hoton ka ce in sa a saman shafi?"

"Na tuna. Na ce miki wa ke neman fitilar sola? Wanda ba shi da wuta. Ina ne ba wuta? Can inda aka ƙone turakun. Biu, Dambuwa, Mubi, sansanin 'yan gudun hijira. In mutum ya zo neman fitila ya ga fuskar, wataƙila ya ce na san yaron nan."

"Dabara ce mai kyau, Baba. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Amma masu kamfanin ba haka suke kallonta ba."

Ta buɗe wata wasiƙa ta Turanci.

"Wannan gargaɗi na farko ne. Ga na biyu. Ga na uku, shi ya tsayar da tallar ranar Litinin."

"Me na yi musu?"

"Dokarsu ita ce, abin da talla ta yi alkawari, shi mutum zai tarar a shafi. Talla ta ce fitila. Mutum ya danna, ya tarar da cigiya. A wurinsu yaudara ce."

"Yaudara? Ni? Ɗana ne ya ɓata!"

"Ba su san ɗanka ba, Baba. Yawanci ma na'ura ce ke dubawa."

"To a haɗa ni da mai na'urar. Ba shi da 'ya'ya ne?"

"Ba wanda za a haɗa ka da shi. Fom ake cikewa, a jira."

Ya yi tsaki, ya juya hular a hannunsa.

"Ba shi ke nan ba," in ji ta. "Sun ce shafin ba shi da nama. Hotunan kantin Legas ne kawai muka kwaso da bayaninsu, sai maɓallin da zai tura mutum can. Sun ce gada muka gina, ba shago ba. Suna so mai shafi ya rubuta abin da shi da kansa ya sani game da kayan, ya sa lambar da za a kira a same shi. Sannan kuma..."

Ta dube shi ta gefen ido.

"Baba, mutum nawa ka koya wa danna tallar nan a tasha?"

Ya ɗan sunkuyar da kai.

"Ba su da yawa. Direbobin Biu. Da na Yola. Da masu lodi. Da mai shayi."

"Yesu! Shi ya sa kuɗin talla ke ƙarewa kafin ƙarfe goma! Ni ina nan ina cewa 'yan Gombe sun haukace da son fitila, ga dannawa ɗari ba mai saye ko ɗaya."

"Na ɗauka in an danna da yawa ne take hawa sama."

"Duk dannawa ɗaya, cirar kuɗi ake yi, Baba."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"In ce maka me? Ka daina kallon ɗanka, yana da tsada?"

Daga cikin cocin ana jin mata na gwajin waƙa, suna tsayawa suna sake ɗauka.

Malam Babayo ya tuna gidansa na Tudun Wada. Mako biyar ke nan da matarsa Fatimatu ta koma gidan wanta Bamanga a Jekadafari, wai jinyar tsohuwarsu. Kafin ta tafi sun yi faɗan da ba su taɓa yi ba a shekara ashirin da bakwai. Ita da ko sunan yaron ba ta iya faɗa don kunyar ɗan fari, sai dai ta ce Dikko, ita ce ta tsaya a tsakar gida tana cewa, "Ka cire hoton Dikko daga wayoyin mutane, ka daina nuna shi a tasha, ka bar shi ya huta." Ya ce mata uwar da ta gaji da neman ɗanta ba ta san zafin haihuwa ba. Da safe ta haɗa kayanta.

Tun daga nan shi kaɗai ne. A tasha yake cin abinci. In ya dawo ya yi sallama, bango ne ke amsawa.

Ya share fuska da tafin hannu.

"Yanzu in an mai da hoton fa?"

"Za su rufe akawun ɗin gaba ɗaya. Kuma da sunan Mu'azzam aka buɗe shi. In suka rufe, ba a sake buɗewa. Duk abin da ya gina shekara uku ya tafi."

"Shi ya sa kika cire."

"Baba, sau biyu ina zama a kujerar nan da niyyar cirewa. Ranar Litinin har na ɗora hannu. Na kalli fuskarsa da wannan hular tasa da ba ta taɓa zama daidai ba, na kasa. Na ce su rufe ɗin. Ranar Laraba na buɗe, na ga an riga ni."

"Wa ya riga ki?"

Ta danna wani wuri. Wasu layuka suka jeru.

"Nan ake rubuta duk wanda ya taɓa shafin, da ranar da ya taɓa. Mabuɗi biyu ne da shi. Nawa, da na Mu'azzam. Ga sunana nan, rabona da canza wani abu tun ranar da na sa hoton. Duba na sama."

Ya matso. Karatun bokonsa bai wuce na firamare ba, amma wannan sunan ko a duhu zai gane shi.

Mu'azzam. Talata. Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe.

Hular ta faɗi ƙasa.

"Wace Talatar?"

"Shekaranjiya."

"Ke... ke kin san lambar sirrinsa."

"Ban sani ba. Na roƙe shi ya fi sau goma, ya ce ko matar da zai aura sai ta cike fom."

Malam Babayo ya miƙe, ya koma ya zauna. Sai kuma tsoron nan da bai taɓa barinsa ya yi murna cikakkiya ba ya taso.

"A'a. A'a, Sandara. Da jakar kwamfutarsa ya tafi. Waɗanda suka tare motar, ita za su fara ɗauka. Su ne. Sun ga hoton sun cire."

"Haka na fara zato. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Amma Baba, ɓarawo zai zauna ya gyara maka shafi? Zai cike fom ɗin ɗaukaka ƙara, ya ba kamfani haƙuri da Turanci mai kyau? Duk abin da suka nema an yi. An cire abin da ba fitila ba. An sa lambar waya. An rubuta bayani sabo fil, da Turanci da Hausa."

"Wane bayani?"

"Ba ka karanta ba?"

"Hoto na je nema."

Ta ja shafin ƙasa, ta ƙara girman rubutun, ta matsa gefe.

"Karanta da kanka. Ni ban gane komai a ciki ba, amma wataƙila kai ka gane."

Ya ɗora yatsa a jikin gilashin, yana bi a hankali, leɓensa na motsi.

"Wannan fitila ba a talla na san ta ba, a gidanmu na san ta. Mahaifina yana shanya tasa a kan rufin makewayi da safe, ya danne igiyar da rabin bulo. Awa shida na rana ya ishe ta. Da magariba ya rataye ta a ƙusar ƙofar gida, ba ya sauke ta sai ya fito sallar asuba."

Ya tsaya.

"Ci gaba, Baba."

"Tana da ƙarfi. Iskar hadari ta yar da ita, gilashin ya tsage, ya ɗaure da robar tayar keke, har yanzu tana ci. Haskenta na zuwa nesa. In ka tsaya a bakin famfon unguwa kana hango ta sarai."

Yatsan ya sauka daga kan gilashin.

"Baba? Lafiya?"

"Sandara."

"Na'am."

"Da yana gida, a ɗaka nake ajiye ta. Bayan ya ɓata na fara rataye ta a ƙofa, don in ya dawo cikin duhu kada ya yi tuntuɓe da kwatar nan."

Ta rufe baki da hannu.

"Tsagewar kuma, yau kwana ashirin. Ruwan da aka yi ranar Juma'a. Ba wanda na faɗa wa. Wa zan faɗa wa?"

"Ke nan yana..."

"Yana garin nan. Ya tsaya a bakin famfo. Taku arba'in ne daga famfon zuwa ƙofata, na sha ƙirgawa da bokiti a hannu. Ya tsaya ya kalli fitilar, har ya ga robar da na ɗaura, ya juya ya tafi."

Ya sunkuya ya ɗauki hular, ya kakkaɓe ta, ya rasa inda zai sa ta.

"Me na yi masa? Na taɓa dukansa sau ɗaya a kan makaranta, yana aji uku. Na ce sana'arsa ba sana'a ba ce, to wasa nake yi. Wata bakwai ban yi barcin kirki ba. Me na yi da zai ga ƙofata ya wuce?"

Sandra ta jawo kujerarta kusa, ta rage murya duk da ba kowa.

"Baba, kar ka ji haushina. Ɗan Mama Juliana da ke bayan layinmu, shi ma an kwashe su a hanya. Bayan wata huɗu ya gudo. Uwarsa ta yi ta guɗa, ta dafa shinkafa, unguwa ta cika. Kwana biyu aka zo aka tafi da shi, wai za a yi masa tambayoyi a kan zamansa a daji. Yau shekara guda ba wanda ya san inda yake."

"Ɗana ba ɗan daji ba ne!"

"Shi ma nata ba ɗan daji ba ne, mawaƙin coci ne. Amma wa zai tsaya ya tantance? Kai kuma Baba, ka yi haƙuri, duk tashar nan ba wanda bai san fuskar Mu'azzam ba. Direbobi, masu lodi, mai shayi. In ya taka Tudun Wada da rana, kafin ya kai ƙofa labari ya kai shinge."

Malam Babayo ya taɓa wayar da ke aljihunsa.

Wata uku yana bin mutane da waya a hannu. Duba nan, ɗana ne. Danna nan, ka nuna wa na kusa da kai. Har sojan da ke shingen ya taɓa nuna wa, ya roƙe shi ya riƙe fuskar a ransa.

Ashe duk wanda ya nuna wa, ƙofa ɗaya yake rufe wa yaron.

"Kin ce an sa lambar waya."

"An cire taka, an sa wata. Dole ne sai da lamba mai aiki, in ba haka ba ba za su karɓi ƙarar ba."

"Kin kira?"

"Na kwafe ta tun jiya. Na kasa. In wani ne ya ɗauka fa? In kuma shi ne, in ce masa me, bayan kai ba ka sani ba?"

Ya ciro wayarsa.

"Kar ka kira da taka," in ji ta. "In yana gudun a gane ne, yana ganin lambarka ba zai ɗauka ba. Ga tawa ta shago, sabon layi ne, bai san shi ba. Ka yi kamar mai sayen fitila."

"Ni zan yi wa ɗana kamar baƙo?"

"Na minti ɗaya, Baba. Ka ji muryar tukuna."

Ta danna lambobin, ta sa a lasifika, ta ajiye wayar a kan injin kwafi tsakaninsu.

Kiran ya shiga.

Ƙara ta farko.

Ta biyu.

Matan cocin sun yi shiru, kamar su ma jira suke.

Ta uku. Ta huɗu.

"Ba za a ɗauka ba," ya ce, har da ɗan sauƙi a muryarsa. "Kashe kawai."

Sai aka ɗauka.

Aka ji ƙarar turmi daga nesa, da kukan akuya, da tarin wata tsohuwa. Sannan muryar mace, a hankali, irin ta wadda ba ta saba da wayar ba.

"Salamu alaikum. Masu fitila ne?"

Malam Babayo ya dafe injin da hannu biyu.

Shekara ashirin da bakwai yana jin muryar nan. Ita ce ke tashinsa sahur. Ita ce ta ce masa ya bar yaron ya huta.

Sandra ta dube shi, ta ga fuskarsa, ta ja da baya.

"Kuna ji na? To ku ɗan riƙe, alwala yake yi."

Aka ji takun silifa a kan siminti. Aka ji an ɗaga labule. Fatimatu ta rage murya, amma lasifikar ta kawo ta tas har cikin shagon.

"Dikko. Yi sauri, ga masu fitilarka."

Buta ta taɓa ƙasa. Wani ya yi gyaran murya, irin gyaran muryar da Malam Babayo ke yi kafin ya kira sunan fasinja.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"